“Yana ci” da “yakan ci”: ta ina za a fara koya wa yaran Damagaram aikatau na Ingilishi?

Tun da hukumomin Nijar suka fitar da kundin sake gina ƙasa a ƙarshen watan Maris na 2025, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, maganar koya wa yara Ingilishi ta ƙara ƙarfi a bakin iyaye a Damagaram. Da ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kano tana nan kudu, tafiyar kimanin kilomita 240, kuma duk mai saro kaya ta Matamaye ko ta Magariya ya taɓa riƙe takardar Ingilishi yana neman mai karanta masa. Ga ɗaliban da ke tafiya karatu Nijeriya da Gana, ga masu zuwa jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi. A makarantun gwamnati sai yaro ya gama firamare ya shiga sizyam, ajin farko na kwaleji, yake haɗuwa da Ingilishi. Makarantun kuɗi kuwa, wasunsu tun daga ajin ƙanana suke farawa, don sun san abin da ke jawo hankalin iyaye.

Ko a sizyam ne ko a ajin ƙanana, farawar ɗaya ce. A koyi gaisuwa, a koyi ƙirga, a koyi launuka da sunayen abubuwan da ke cikin aji. Duk wannan yakan tafi lami lafiya. Sai an zo kan aikatau, wato kalmomin aiki irin su ci, sha, gudu, zama da rubutu, sannan ake fara cin karo da cikas. Kuma cikas ɗin yana bin yaro har jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, wani ma har jami'a.

Ga yadda darasin ke kasancewa a azuzuwa da yawa. Mushe, wato malami, ya rubuta “to eat” a saman allo, ya ja layi, ya jero a ƙasa: “I eat, you eat, he eats, she eats, we eat, they eat.” Yara su rera sau biyar, su kwafe cikin kaye, wato littafin rubutu. Daidai yadda aka yi musu da “manger” a firamare. Malamin da ke son ya raya darasin sai ya ƙara da nuni: ya taka zuwa ƙofa yana cewa “I walk to the door,” ya ɗauki littafi yana cewa “I read.” Niyyarsa mai kyau ce, amma abin da ya dasa a kan yaran ba daidai ba ne. Mai jin Ingilishi, in yana cikin tafiya zuwa ƙofa aka tambaye shi me yake yi, cewa zai yi “I am walking to the door.” Shi “I walk” ba ya nufin yanzu-yanzu. Yana nufin abin da mutum ya saba yi.

Wannan shi ne tushen rikicin. Ingilishi yana da hanyoyi biyu na maganar aikin da ke cikin lokacin da ake ciki. Ɗaya ta aikin da ake cikin yi a daidai lokacin magana: “she is sweeping.” Ɗaya ta aikin da aka saba, ko wanda yake haka ko da yaushe: “she sweeps.” Faransanci kuwa siga ɗaya yake amfani da ita ga duka biyun. “Elle balaie” tana iya zama tana cikin shara yanzu, tana iya zama ita ce mai sharar gidan kullum, sai dai in an so a jaddada a ƙara “en train de.” To yaron da aka ce masa “she sweeps” ita ce “elle balaie,” gobe kuma aka ce masa “she is sweeping” ita ma “elle balaie” ce, me ake so ya fahimta? Zai ɗauka Turawan Ingila ne ke son wahalar da mutane, ya riƙa jefa kowace a inda ta faɗo masa.

Abin takaicin shi ne yaron nan ya zo da bambancin tun daga gida. Masana nahawun Hausa suna kiran ɗaya lokaci mai ci, ɗaya lokaci sabau. Ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna a gefe guda. Nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan a ɗaya gefen. Ƴar shekara shida ta san “Inna tana daka” daban ne da “Inna takan yi daka.” Ba wanda ya koya mata a allo. Ɗaukar wannan yarinya a bi da ita ta Faransanci kafin a kai ta Ingilishi, kamar mai son zuwa Mirya da ke nan kusa ne daga Zinder, wato Damagaram, ya bi ta Tanut can arewa.

Kamar da ke tsakanin Hausa da Ingilishi ma ta fi haka zurfi in an duba ginin jimlar. “He is running” gutsure uku ne: mai aikin, da ƙaramar kalmar da ke nuna ana ciki, da aikin mai wutsiyar -ing. “Yana gudu” ma haka take in an warware ta: ya, na, gudu. Kuma mu ma aikatau ɗinmu yana sake kama a wannan wuri. Mukan ce “ya tafi” amma “yana tafiya,” mu ce “ta dafa” amma “tana dafawa,” “sun karanta” amma “suna karantawa.” Saboda haka yaron Bahaushe ba zai ga wani abin mamaki ba in an ce masa “cook” takan koma “cooking” bayan “is.” Abin da bakinsa ke yi ne tun yana koyon magana. Malamin da ya rubuta waɗannan jimloli biyu ɗaya a kan ɗaya, ya ja layi uku tsakaninsu, ya rage wa kansa bayanin sati guda.

Sai dai kada a ɗauka Hausa da Ingilishi sun dace ko ta ina, don akwai inda namu ya fi nasu faɗi. “Ina” tamu tana shiga gonar sabau ba tare da kowa ya ce uffan ba. Mukan ce “kullum ina zuwa lakwal,” wato makaranta, mu ce “Baba yana ɗinki a kasuwar Dole,” alhali wataƙila a lokacin da ake maganar Baba yana gida yana barci. Nufinmu sana'arsa ke nan. A hirar yau da kullum ma an fi jin wannan a kan “nakan” da “yakan.” Yaron da aka gaya wa cewa duk inda ya ga “ina” ya sa “am” da -ing zai rubuta “Every day I am going to school,” kuma za a soke masa. Akwai gwaji mai sauƙi da za a ba shi ya riƙe. Ya ɗauki jimlarsa ta Hausa, ya cire “ina” ya sa “nakan.” In ta zauna, ma'anar ba ta sake ba, to sigar da ba ta da -ing ake so. “Kullum nakan je lakwal” ta zauna, don haka “I go to school every day.” Amma “duba, Musa yakan yi barci” ga wanda ke gyangyaɗi a bencin baya yanzu ba ta zauna ba, kowane yaro zai yi dariya, don haka “Musa is sleeping.” Na fi yarda da wannan gwaji a kan kowace doka da aka haddace da Faransanci, domin kunnen yaron ne ke yanke hukunci, kuma kunnensa a Hausa ba ya kuskure.

Wuri na biyu da ake zamewa shi ne kalmomin da ba aikin gaɓoɓi ba ne. Mu “ina so” muke cewa, “ina da,” “ina jin yunwa,” duk da lamirin lokaci mai ci. Ingilishi ba ya yawan yarda da -ing a irin waɗannan: “I want,” “I have,” “I like.” Wasu kuma mu da sigar abin da ya shuɗe muke faɗinsu, “na sani,” “na gane,” su kuma su ce “I know,” “I understand.” Ga kuma Faransanci da nasa tarkon: “j'ai faim” ita ke haifar da “I have hungry.” In aka haɗa da cewa a ƙetaren iyaka ana yawan jin “I am having a pen” a bakin manya masu ilmi, sai a ga dalilin da ya sa yaro ke rantsuwa ya ji kawunsa na Kano ya faɗa. Ya ji ɗin, amma mai gyaran takardar jarrabawa ba zai karɓa ba. Shi ya sa a zangon farko ya fi kyau a tsaya kan aikin da ido ke gani. Su “want,” “have,” “like” da “know” a ba da su dunƙule cikin jimlolin da yaro ke buƙata, a haddace su yadda ake haddace gaisuwa, kada a cusa su cikin darasin -ing.

To da wace siga za a fara? Tsarin da muka gada daga koyar da Faransanci yana tura malami ya fara da wadda ake kira mai sauƙi, irin su “I eat,” tunda kalma ɗaya ce. A takarda tana da sauƙi. A baki ita ce mai wuya, kuma masu bincike sun daɗe da gano haka. Roger Brown na jami'ar Harvard a Amurka ya bi diddigin maganar wasu yara uku da ke tasowa da Ingilishi a matsayin harshen uwa, ya fitar da sakamakon a 1973. Cikin ƙananan alamomin nahawu goma sha huɗu da ya duba, -ing ce ta fara zama a bakinsu, ita kuwa -s ɗin “he eats” sai can baya ta zo. A 1974 Heidi Dulay da Marina Burt suka gwada yara masu koyon Ingilishi a matsayin harshe na biyu, wasu masu jin Sifaniyanci wasu masu jin Sinanci, suka tarar -s ɗin nan tana cikin abubuwan da ke zuwa a ƙarshe-ƙarshe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. -ing gaɓa ce cikakkiya, ana jin ta sarai, kuma ba ta sakewa ko wa ke yin aikin. Ita -s ɗan huci ne a ƙarshen kalma, kuma ba ta ƙara wata ma'ana, tunda “he” ko “she” ta riga ta faɗi mai aikin.

Akwai wani abu a binciken Brown da ya kamata ya kwantar wa malamai hankali. Ƙaramar kalmar nan ta tsakiya, “is” da “are,” ita ma ba da wuri take zama ba. Yaran Turawa kansu sukan daɗe suna cewa “Daddy eating.” In ɗalibin sizyam ya ce “He running,” bai ɓata ba, yana kan hanya ne.

Kafin ma -ing akwai matakin da bai kamata a tsallake ba, wato umarni. James Asher, malamin ilmin halayyar ɗan Adam a San Jose ta jihar Kalifoniya, shi ya tsara wannan hanya a shekarun 1960: malami ya ba da umarni da harshen da ake koyo, ya aikata, yara su aikata tare da shi, ba a tilasta musu magana sai sun ƙoshi da ji. Hujjarsa ita ce jariri ma yana jin “zo nan” da “aje wannan” watanni kafin ya furta kalma. Umarni a Ingilishi shi ne aikatau tsirararsa, ba gaba ba baya: “stand,” “sit,” “clap,” “write.” Ba buƙatar fassara, domin jiki ya riga ya fassara. Kuma bai ci ko dala ba, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a makarantar da littafi ɗaya yara uku ko huɗu ke leƙawa.

Na san abin da malamin kwalejin gwamnati zai ce: wannan zancen masu ajin yara ashirin ne. Ajin da bencina suka kai bakin allo, ina filin tsalle? Gaskiya ne, amma mafi yawan kalmomin da ake buƙata a farko ana yin su a inda ake. Tashi, zama, tafi, nuni, buɗewa, rufewa, taɓa kai, karatu, rubutu, kwaikwayon ci da sha da barci da wanke hannu, duk ba wanda ke son fili. Yawan yaran ma yana da ranarsa. A ce wa layin dama “drink,” su kama kwaikwayo, a juya ga layin hagu a tambaya “What are they doing?” su amsa “They are drinking.” A ta da yarinya ɗaya, ga “she is”; a ta da yaro, ga “he is”; ajin duka su yi tafi suna cewa “We are clapping.” Cikin minti goma an zagaya wakilan suna irin su “he,” “she,” “we” da “they” ba tare da an jero su a allo ba. Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne ake yawan karyawa: a faɗi jimlar aikin yana gudana. In yaron ya riga ya zauna sannan aka ce “He is jumping,” an rushe abin da ake ginawa. Gudu da tsalle a bar su sai lokacin sanyi, a fita fili da hantsi lokacin da kowa ke neman rana. A watan Afrilu ba mai hankalin da zai sa yara tsalle a ƙarƙashin kwano. A kuma lura da ƴan mata masu tasowa. Wadda za ta yi shara ko daka a gaban aji da murna, in aka ce ta yi tsalle a gaban maza sai ta daskare, kuma ba Ingilishin ne ya gagare ta ba. Surutu kuwa dole za a yi shi, gara a sanar da darakta da malamin ajin da ke maƙwabtaka tun da wuri.

Zaɓen kalmomin ma abin dubawa ne. Hotunan da ake saukowa da su daga intanet cike suke da yara masu zamiya a kan ƙanƙara da masu iyo a tafkin gida. Ba laifi yaro ya san akwai su, amma ba zai yi jimla goma da su ba. A ba shi “fetch,” “carry,” “push,” “pound,” “sweep,” “sell,” “buy,” “pray,” “ride.” A garin da ƙarancin ruwa ya zama tsohon labari, ba yaron da bai san ɗiban ruwa da ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki ba. Taga ma littafi ce. A kira yaro ya leƙa titi ya faɗa wa ajin abin da yake gani: mai kabu-kabu yana wucewa, mace tana ɗauke da tire, akuya tana cin takarda. Ko da rabin jimlar ya kawo, shi ya gina ta, ba kwafa ya yi ba.

Tambaya da korewa a wannan siga ba su da wata wahala, wanda shi ma dalili ne na farawa da ita. A juya kalmomi biyu, “Is he running?” A saka “not,” “He is not running.” Shi ke nan.

Sai bayan wannan ta zauna, ba sati ɗaya ba, ba biyu ba, sannan a buɗe ƙofar sabau. A nan nuni ba ya aiki, tunda ba a iya nuna al'ada da hannu. Abin da ke aiki shi ne labarin yini da na mako, tare da kalmomin da ke ɗaure shi: “every day,” “every morning,” “on Fridays.” Yaro ya faɗi abin da yakan yi daga asuba zuwa dare: yakan tashi, yakan yi salla, yakan je makarantar allo, yakan sha koko, yakan zo lakwal. Ran Juma'a akan je masallaci, ran Lahadi wani yakan bi mahaifinsa kasuwar Mirya. A fara da “I,” “we” da “they,” inda aikatau ke nan yadda aka san shi a umarni, a bar “he” da “she” sai an saba. Ranar da za a haɗa sigogin biyu, a haɗa su a kan mutum ɗaya da ke zaune a gaban kowa. “Hadiza sweeps every morning. Is she sweeping now?” Duk ajin na ganin ta zaune da biro a hannu. “No, she is writing.” Takan yi shara, amma yanzu rubutu take yi. Jimla biyu, kuma bambancin ya fito fili.

Yanzu ga -s, wadda ta fi komai cinye jan biron malamai. Ban da dalilin da ya shafi kowane mai koyo a duniya, yaranmu suna da nasu biyu na musamman. Na farko, sun yi shekara shida na firamare, daga ajin CI zuwa CM2, ana horar da su cewa s ɗin ƙarshen kalma ba a furta ta. “Tu manges,” “les livres,” “nous parlons”: a rubuta, kada a faɗa. Wanda ya furta a yi masa dariya. Rana ɗaya kuma a ce musu a wannan sabon harshe dole a furta. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta “he eats” daidai, ya karanta “he eat.” Idonsa ya koyi tsallake ta. Na biyu, bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe su taru a ƙarshen kalma. Muna da kalmomi masu ƙarewa da baƙi ɗaya, kamar takwas da malam, amma biyu ko uku a jere sai mun saka wasali mun raba su, ko mu yar da ɗaya. “Drinks,” “helps,” “asks” duk suna da wannan cunkoso. Dabarar ita ce a fara da waɗanda ke ƙarewa da sautin wasali, inda baƙi ɗaya kawai za a ƙara: “goes,” “plays,” “prays,” “buys.” Daga nan a shiga waɗanda ke samun gaɓa cikakkiya da ake ji sosai, “washes,” “pushes,” “fetches.” Masu cunkoson a bar su ƙarshe. Ba sai an cika wa yaro kai da cewa wutsiyar tana da lafazi uku ba. In malami yana furta su daidai, kunne zai ɗauka.

Game da gyara, tsawa ba ta haifar da -s, bulala ma haka. Yaron da aka kunyata sau biyu zai daina ɗaga hannu, shi ke nan an huta da kuskurensa an kuma huta da Ingilishinsa. Malami ya maimaita jimlar daidai, ya ɗan ja wutsiyar, ya wuce. Ko ya zana babbar S a kusurwar allo, duk wanda ya manta sai a nuna ta da yatsa ba tare da an ce komai ba, shi da kansa ya gyara. Za a yi ta nunawa har shekara ta ƙare, kuma ba alamar gazawar kowa ba ce.

“Do” da “does” su ne baƙin da ba su da ɗan'uwa a Hausa ko a Faransanci. Mu da murya muke tambaya, ko mu ƙara “shin” ko “ko”; korewa kuma “ba ya ci” ko “ba yakan ci ba.” Ingilishi sai ya ɗauko wata kalma da ba ta da ma'anar kanta a wurin ya ɗora mata nauyin tambayar. A fara da gajerun amsoshi, malami na tambaya yara na cewa “Yes, I do,” “No, she doesn't,” har kunne ya saba kafin a ce su gina tambaya da kansu. Kuskuren da zai biyo baya sananne ne, kuma abin dariya shi ne yaran da suka fi ƙoƙari ke yin sa: “Does he eats?” Sun wahala kafin su riƙe -s, ba sa son sakinta. A nuna musu a allo cewa -s ɗin ɗaya ce tak a jimla, in “does” ta zo ta karɓe ta.

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan wata tambaya da malamai ke jin nauyinta: halal ne a yi Hausa a ajin Ingilishi? Da yawa an horar da su cewa a'a, in ta kama dole a yi Faransanci. Wannan ra'ayi yana da tarihi. Iyayenmu sun san zamanin sambol, abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana harshen gida a lakwal. Amma a nan Zinder ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa a 1973, saboda haka ba garin da ya kai mu hujjar daina jin kunyar abin. Ra'ayina shi ne a yi Hausa kaɗan, a wurin da ta fi amfani. Ba a fassara “jump” ga wanda ya ga an yi tsalle. Ba a mayar da darasin Ingilishi hira da Hausa a kan Ingilishi, yara su fita ba su furta jimla biyar ba. Minti biyu na “yana” da “yakan” a ranar da ake buƙata, sannan a koma. A kuma tuna ba duka ajin ne Hausa ke harshen gidansu ba, ko da yake kusan kowa na jin ta. Ga yaron da ya tashi da Barbarci ko Fulatanci akwai ƙarin aiki ɗaya: harsunan nan ba sa raba namiji da mace a wakilin suna yadda Hausa ke raba “ya” da “ta,” don haka yana iya daɗewa yana musanya “he” da “she.”

Rubutu shi ne na ƙarshe, kuma shekarun yaro ne ke yanke yawansa. Ɗan shekara biyar ko shida da ke fama da haruffan Faransanci, a bar shi da ji da faɗa da waƙa da motsi. Harafin da Faransanci ke kira “i” sautin sunan “e” ne a Ingilishi. Haɗa masa biyun a shekara ɗaya neman rikici ne, ko da iyaye na son ganin kaye cike don su tabbata kuɗinsu bai tafi banza ba. Ɗan sizyam kuwa ya iya rubutu, kuma jarrabawa a rubuce take, don haka a ba shi dokokin nan kaɗan bayan ya iya faɗin kalmomin: “write” tana yar da e ta zama “writing,” “run” da “sit” suna ninka baƙin ƙarshe, “carry” ta koma “carries.” Ardwaz, ƙaramin allon hannu, ta fi kaye amfani a nan, kowa ya rubuta ya ɗaga, malami ya ga ajin duka da kallo ɗaya.

Irin tambayar da ake yi a jarrabawa, a ba da aikatau a ce a sa shi a sigar da ta dace, tana koya wa yara farautar “now” da “every day” ba tare da sun karanta jimlar ba. Dole a shirya su a kanta tunda ita za su tarar, amma ba ita ce ma'aunin iyawa ba. Malamin da ke son sanin inda ajinsa yake, ya kira yaro ya nuna masa wani ɗalibi ya yi tambaya biyu: me yake yi yanzu, me yakan yi ran Juma'a. A kuma sa rai cewa bayan dogon hutun damina, in aka dawo a watan Oktoba, -ing za ta dawo da yawancinsu amma -s da “does” sun zube a hanya. Malamin sankyam, aji na biyu na kwaleji, ya ware makonnin farko ya sake bi ta kansu kafin ya taɓa shuɗaɗɗen lokaci, domin “did” a kan “do” da “does” ake gina ta.